Sayen Tsoro da Kuɗi: Tsokaci a Kan Dodon Cikin Kaset

Akwai wani dare a Jabi, wajen ƙarshen shekarun 1990, wanda har yau idan muka haɗu da waɗanda muka yi zama tare a lokacin sai an tayar da zancensa. Mun fi mu goma a ɗaki ɗaya, a wani gidan haya da ba shi da nisa da tashar mota: ɗalibai da suka zo hutu wurin 'yan'uwa, da leburorin gini, da wani tela, ga kuma yaran maƙwabta sun yi cincirindo a taga. An karɓo hayar kaset na Living in Bondage, wani maƙwabcinmu Ibo yana fassara mana abin da ake faɗi. Daidai inda matar da aka kashe ta dawo ta tsaya wa mijinta, sai aka ɗauke wuta. Ba wanda ya motsa. Telan nan, wanda ya girme mu duka, shi ya fara neman wanda zai raka shi bayan gida, wai don batirin tocilarsa ya yi sanyi. Washegari kuwa, tun kafin mai shago ya gama shara, muna tsaye a ƙofarsa muna jiran kashi na biyu.

Wannan tsayuwa a ƙofar shago ita ce abin da muke son mu yi nazari a kai. Tsoro dai abu ne da duk mai hankali yake gudu, har Hausawa kan ce gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato. To, mene ne ya sa mutum zai ciro kuɗin da ya sha wahalar samu, ya miƙa, don a hana shi barci? In kuma an sami amsar wannan, akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi: shin jin daɗin irin wannan kallo yana da laifi, kuma wa ke biyan kuɗin tsoron bayan mun kashe talabijin?

Bari mu fara tuna abin da muka kalla, domin ba daga kogi ɗaya ruwan ya malalo ba. Daga Amurka aka kawo mana The Exorcist na 1973, labarin yarinya 'yar shekara 12 da shaiɗan ya shige ta, da The Texas Chain Saw Massacre na 1974, da A Nightmare on Elm Street na 1984, inda Freddy mai ƙonanniyar fuska da farata na ƙarfe yake kashe matasa a cikin mafarkinsu. Sai The Evil Dead na Sam Raimi, na 1981, wanda aka yi da kuɗi kaɗan, amma ya tara mabiyan da suka yi ta miƙa shi hannu da hannu har ya zama abin tarihi. Daga Indiya muka sami Nagin na 1976 da Nagina na 1986, na macizai masu rikiɗa su zama mata, da finafinan 'yan'uwan nan na gidan Ramsay, irin su Purana Mandir da Veerana. Na ukunsu kuwa daga Legas da Anaca ya taso. Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage a 1992, Zeb Ejiro ya biyo da Nneka the Pretty Serpent a 1994, sa'annan Karishika, aljanar da aka aiko duniya don ta halakar da maza, ta shigo ta zama sunan da ake yi wa duk macen da ake shakkar kyawunta.

Galibin na ƙasashen waje ba na asali ba ne. Kwafi ne na kwafi, da yawansu sun bi ta kasuwar Ƙofar Wambai a Kano kafin su iso Abuja, hoton ya dusashe, launin ya koɗe, sautin yana gurnani. Abin mamaki, wannan lalacewa ƙara wa fim ɗin kwarjini take yi, domin abin da ido bai gani sosai ba, zuciya ce ke ƙarasa zana shi, ita kuwa zuciya ba ta da tausayin mai ita. Wani abin lura kuma shi ne wurin kallon. A da, gidan sinima yana can waje, kuma a ƙasar Hausa ba wurin da ɗan mutunci yake alfahari da zuwa ba ne, balle matan aure. Bidiyo shi ya ɗauko dodo ya shigo da shi har tsakar ɗaki, inda amarya da ƙannen miji da 'yan yaye suke zaune. Ba mu kaɗai wannan ya tayar wa hankali ba. A Ingila ma an yi ta cece-ku-ce a kan irin waɗannan kaset-kaset, The Evil Dead na cikinsu, har majalisarsu ta yi dokar tace bidiyo a 1984. A cikin The Evil Dead ɗin kansa, rikodar da samarin suka tsinta a ɗakin ƙasa suka kunna, ita ce ta tashi aljanun dajin. Mu ma abin da muke yi ke nan kowane dare, sai dai ba mu lura ba.

To, me ya sa muke so? Amsar farko tana gidanmu. Tun kafin a ƙera talabijin, kakanninmu mata suna tsorata mu da Dodo, mu kuma muna roƙon su ƙara. Wanda duk ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya rubuta wa 'yan makaranta, zai ga cewa ba su rasa cin naman mutane da haɗiye yara da budurwar da ta auri wanda ya ari gaɓoɓin jikinsa. Amma tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san an shiga wata duniya, da an ce ƙurunƙus kuma an fito an ja ƙyaure. Mai ba da labarin tana nan zaune, jikinta da ɗumi, in abin ya yi yawa sai a faɗa cinyarta. Yaro yana koyon yadda tsoro yake a lokacin da babu abin da zai same shi, kamar yadda ɗan dambe ke gwada ƙwanji da tsaransa kafin ranar shiga fage.

Masanan Turai ma sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan. Aristotal ya lura cewa abin da muke ƙyamar gani ido da ido, kamar gawa, mukan ji daɗin kallon hotonsa idan an zana shi da gwaninta, kuma yana ganin wasan ban tausayi yana motsa tsoro da jinƙai ne don ya wanke su daga zuciya. David Hume, a wata maƙala ta 1757, ya ce fasahar mai tsara labari ce take rinjayar ɗacin abin, ta juya shi ya koma daɗi. A 1990 kuma Noël Carroll ya ce son sani ne ke jan mu: dodo halitta ce da ta saɓa wa duk rabe-raben da muka sani, ba rayayye ba ba matacce ba, ba mutum ba ba dabba ba, don haka muna jure tsoron ne a matsayin kuɗin shiga, domin mu ga yadda za a gano shi da yadda za a yi da shi. Kowace daga cikin amsoshin nan tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ya taɓa toshe ido da tafin hannu yana leƙe ta tsakanin yatsu ba zai musa wa Carroll ba.

Sai dai akwai inda bayaninsa ya kasa tsallake teku ya iso Jabi. A wurin Carroll, dodon fim abu ne da ilmin zamani ya ce babu shi, mai kallo kuma ya san haka. Baturen da ya kalli Freddy ya tashi ya sha ruwa ya kwanta, ya san ba zai gamu da shi a layin shiga bas ba. Mu fa? A cikin mutanen da suka cika ɗakin nan babu ko ɗaya, Musulmi ko Kirista, da yake ganin aljani tatsuniya ne. A tsakiyar shekarun 1990 ɗin nan ne aka yi ta labarin Sumbuka a makarantun 'yan mata na Kano, ana sayar da kaset-kaset na ruƙiyya, mutane suna sauraron muryar da aka ce ta aljana ce tana amsa tambayoyin malamai. Wanda ya saurari wannan da rana, ya kalli The Exorcist da dare, ba ƙagaggen labari ya kalla ba a ganinsa, rahoto ya kalla daga wata ƙasa. Haka kuma a watan Satumba na 1996 garin Owerri ya yamutse bayan an kama wani da kan yaro ɗan talla, abin da aka fi sani da rikicin Otokoto. Bayan wannan, wa zai ce wa mai kallo labarin Andy, wanda ya ba da jinin matarsa don ya yi arziki, wasa ne kawai? Hume da kansa ya yarda cewa idan abin ya shafi mai sauraro kai tsaye, to, gwanintar mai ba da labari sai dai ta ƙara masa ciwo. Ke nan tatsuniyar bidiyo tana da ga ta nan, amma ba ta da ƙurunƙus. Freddy kan koma cikin kwalinsa a mayar wa mai shago, Karishika kuwa takan bi mu har bakin titi.

A nan ne batun ɗa'a ya shigo, kuma fuska biyu gare shi. Ta farko ita ce wadda aka fi yawan magana a kai: ko ya dace mutum ya ji daɗin kallon azabar wani, ko da ta ƙarya ce? Aflaton ya kawo labarin wani mutum da ya bi ta inda aka zubar da gawawwakin waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa, yana son ya duba yana kuma jin kunyar son, har sha'awar ta ci ƙarfinsa ya ruga ya buɗe ido yana zagin idanun nasa. Duk wanda ya taɓa rage gudu a wurin haɗarin mota a hanyar Kaduna ya san wannan mutum, don kuwa shi ne. Mu dai a namu ganin, yawan jini a fim ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne a gefen wa fim ɗin ya ajiye mu. Akwai wanda zai sa gabanmu ya faɗi saboda yarinyar da ke gudu, mu riƙa yi mata addu'a a zuci alhali mun san 'yar wasa ce. Wannan tsoro ɗan'uwan tausayi ne, kuma ba mu ga abin kunya a cikinsa ba. Akwai kuma wanda zai ba mu idon mai wuƙa, mu riƙa leƙen ta daga bayan labule tare da shi, har mu ƙosa ya cim mata don mu ga yadda za a yi. Na biyun nan, ko da ba a nuna ɗigon jini ba, ya koya wa zuciya wani zama da bai kamata ta saba da shi ba. Mai kallo na gaskiya yakan san lokacin da ya sauya gefe, ko da ba zai faɗa wa kowa ba.

Amma fuska ta biyu ita ta fi damunmu, ga shi kuma ba a cika tayar da ita ba. Fim ɗin ban tsoro ba tsorata mu kaɗai yake yi ba, yana nuna mana wanda za mu ji tsoro. Dole ne dodo ya sami fuska, kuma a finafinanmu na gida fuskar ba ta wata halitta daga sama ba ce. Ta kyakkyawar budurwa ce da ba a san asalinta ba, ko ta tsohuwar ƙauye mai jajayen idanu, ko ta uwar miji, ko ta maƙwabcin da ya yi mota bana alhali bara a ƙasa yake tafiya. A 1999 fim ɗin End of the Wicked, wanda Helen Ukpabio ta shirya, ya ba dodo fuskar yaro ƙarami, ya nuna yara suna tashi cikin dare suna zuwa taron mayu. Shekaru kaɗan bayan haka duniya ta ga yaran da iyayensu suka kora ko suka azabtar a jihar Akwa Ibom bisa zargin maita, masu kare haƙƙin yara da dama suka ɗora wa fim ɗin wani kaso na alhakin, ita kuma ta musanta. A 2008 sai da jihar ta sa hukunci a doka a kan jifan yaro da wannan zargi.

Kada mu yi saurin cewa wannan matsalar mutanen Kudu ce. Wane ne a cikinmu bai san ƙauyen da aka taɓa taruwa a ƙofar wata tsohuwa ba, an ce ta kama kurwar yaro, a tilasta mata ta tsallaka shi? Kuma wa ya taɓa jin an yi wa matar hakimi ko uwar attajiri haka? Kullum talaka ce, wadda 'ya'yanta suka mutu ko suka yi nisa, ba ta da mai tsaya mata. Abuja kuwa ta ƙara wa abin wani zafi, domin gari ne na baƙi. Tun da aka dawo da gwamnati nan a ranar 12 ga Disamba, 1991, in ka cire Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin, kowa daga wani wuri ya zo, kuma ba wanda ya san kakan wani. A watannin Satumba da Oktoba na 2023 an yi ta kama mutane a unguwannin birnin ana dukansu, wai sun gaisa da wani ko sun goge shi mazakutarsa ta ɓace, har 'yan sanda suka fito suna gargaɗi, suka kuma gurfanar da wasu masu ƙarar bisa laifin ƙarya. Ba za mu ce bidiyo ya haifi wannan ba, don an yi irinsa a Legas a 1990, kafin Nnebue ya fitar da nasa kaset. Jita-jitar ta girmi fim. Amma wanda ya shekara 30 ana nuna masa, cikin launi da kiɗa, cewa baƙon da ya miƙo masa hannu yana iya zama ɗan shan jini, ranar da aka yi ihu a kasuwa ba zai tsaya neman hujja ba, ya riga ya ga yadda labarin yake ƙarewa. Mu muka ji daɗin tsoron a ɗaki, wani bawan Allah da bai kalla tare da mu ba ya biya da haƙarƙarinsa.

Akwai wata ɓarnar kuma da ta fi wannan ɓoyuwa. Living in Bondage ya fito ne shekaru shida bayan an shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da albashi ya zama ba ya kai wa tsakiyar wata, wasu 'yan tsiraru kuma suna ta gina benaye ba a san sana'arsu ba. Tambayar da fim ɗin ya yi, wato ina wane ya sami kuɗinsa, tambaya ce ta gaskiya, kuma babu garin da ya fi Abuja cancantar a yi ta. Sai dai amsar da aka saba ba mu ita ce tsafi: ɗaki mai jan ƙyalle, da ƙwarya, da kyandir. Alhali mafi yawan dukiyar da ba ta da asali a garin nan da biro aka same ta, a ofis mai sanyi, da rana tsaka, ta hanyar kwangilar asibitin da ba a gina ba. Wannan ma shan jini ne, har ya fi na fim yawan gawa, amma ba ya da kyan kallo a kaset. Ta haka mai satar biro ya samu ya sulale, mu kuma muna can muna zargin mai shagon da ya yi saurin bunƙasa.

To, a hana ke nan? Hukumomi sun gwada. An kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa a 1993, Kano ta kafa tata a 2001, sa'annan a watan Mayun 2024 hukumar ta ƙasa ta ba da sanarwar ƙa'idojin da suka hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi a finafinai. Muna fahimtar abin da ya sa, amma ba mu sa rai da yawa. Na ɗaya, fim ɗin Nnebue kansa wa'azi ne a kan kwaɗayi, ba wanda ya kalli haukan Andy a ƙarƙashin gada ya yi sha'awar halinsa, kuma almakashin hukuma ba kullum yake bambanta mai gargaɗi da mai talla ba. Na biyu, shagon haya da za a iya rufewa ya riga ya rufe kansa. Kaset ya ba faifan sidi wuri, sidi ya ba waya. Yau yaro zai miƙa wayarsa a tura masa finafinai 20 a zama ɗaya, har da na Indiya da aka juya zuwa Hausa, aljanar tana magana da karin harshen Kano.

Abin da ya fi ba mu tsoro a wannan sauyi, in an yarda mu yi amfani da kalmar, shi ne kaɗaici. A ɗakin nan na Jabi mun tsorata, amma tare muka tsorata. Da wuta ta dawo wani ya kwaikwayi tafiyar fatalwar, aka bushe da dariya, aka yi wa tela tsiya har ya yi fushi, maƙwabcinmu Ibo ya ce shi ya san unguwar da aka ɗauki fim ɗin a Legas, kuma matar tana nan da ranta tana cin abinci. Ashe wannan dariya ita ce ƙurunƙus ɗinmu, ita ce ta ja ƙyauren da fim ɗin ya bari a buɗe. Wanda yake kallo shi kaɗai cikin bargo, da abin sauraro toshe a kunne, ƙarfe biyun dare, ba shi da mai yi masa wannan. Ko a gidan sinimar da aka buɗe a katafaren kantin bakin tafkin Jabi, wanda ya fara aiki a 2015, mutane kan fito ne kowa ya nufi motarsa, ba wanda ya san wanda ya zauna kusa da shi.

Kwanan baya mun tsaya a bakin titi kusa da tashar Jabi bayan magariba muna neman motar Gwarimpa. Wata ta tsaya, akwai mutum uku a ciki: direba, da wani dattijo mai hula a gaba, da wata mata da jaka a cinya. Duk mazaunin Abuja ya san labarin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi su jefar da shi, kuma wannan ba fim ba ne, mutane sun mutu ta haka. Muka leƙa muna karanta fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya cika kamala, irin kamalar da a fim takan zama tarko. Matar kuma ta cika shiru. Muka ce wa direba ya je, ba can za mu ba. Motar na tashi muka hangi matar ta juyo tana dubanmu ta gilashin baya, ta ƙara ƙanƙame jakarta, da alamar wadda ta yi ajiyar zuciya don ba mu shiga ba.